Ƙarar Keken Kawu Tela

Direban ya sauke ni a bakin babban titi, ya ce shi yanzu ba ya shiga garin, in ya shiga wa zai ɗauko? Na ce to ni da ka kawo fa, akuya ce? Ya yi dariya ya ja motarsa. Na ɗora jaka a ka na kama hanya ina zaginsa a zuci.

Na san an rufe kamfanin sukari, kowa ya sani. Amma ban zaci abin ya kai haka ba. Da muna yara, tun daga bakin titin nan ƙamshin dafaffen rake yake tarar mutum, ya shiga gashi ya shiga tufafi, har in muka je wani gari sai a ce ga 'yan sukari sun iso. Ranar ban ji ƙamshin komai ba. Gonakin raken sun zama daji, ciyawa ta fi ni tsawo. An ɗaure ƙofar kamfani da sarƙa, wata bishiya kuma ta tsiro a cikin ɗakin maigadi har ta leƙo ta taga.

Kwatas ɗin ma'aikata ne ya karya mini zuciya. Duk wanda ya tashi sai ya kwance kwanon rufinsa, ya cire ƙofa da tagogi ya tafi da su, aka bar bangaye a tsaye baki buɗe, layi bayan layi. Kana tafe kana ganin cikin ɗakunan mutane. Ga inda gado ya bar shaida a jikin bango, ga ƙusar da ake rataye madubi, ga zanen mota da wani yaro ya yi da gawayi, wataƙila har ya sha duka a kansa. A asibitin kamfani awaki na tarar kwance a baranda, ko tashi ba su yi ba. Shirun wurin ya sa na riƙa jin ƙarar silifas ɗina kamar wani ne ke bina, ina tafiya ina waiwaye. Ni da ba a san ni da tsoro ba, sai ga ni ina rafka sallama a ƙofar gidan da ko rufi babu, don dai in ji muryar mutum.

Baba na zo ɗauka. Yayyena sun yi aike har sun gaji, ya ƙi, sai suka ce a tura Auta, ita ce mai baki. Ba su yi ƙarya ba. Ina da baki, kuma ban saba zuwa neman abu in koma hannu rabbana ba.

Gidanmu yana cikin 'yan tsirarun da suka rage da rufi. Na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗaki, sandarsa a kan cinya. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Uwata, kin yi ƙiba."

"Haba Baba, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ƙafarki ce ta riga ki gaisuwa. Da ba haka kike taka ƙasa ba."

A ɗakin inji Baba ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Kunne ake ce masa a garin, don sai ya ɗora bakin sukuddireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya faɗi abin da ke shirin lalacewa. Bayan rasuwar Innarmu idonsa ya fara dushewa, a hankali a hankali har ya rufe. Amma bai taɓa yarda an yi masa jagora ba. Duk wanda ya kama masa hannu ya jawo wa kansa, ko da kuwa sa'ansa ne.

Ban bari ko ruwa ya tsirga mini ba na fara. Na ce an gyara masa ɗaki, ga jikoki, ga asibiti kusa, nan kuwa famfo ma ya ƙafe. Ya bar ni na zuba har na gaji da kaina.

Sannan ya ce, "A can wa zai riƙa fita da ni?"

"Yara mana, ga su nan birjik."

"Su ja ni ke nan."

"To mene ne a ciki?"

"Uwata, ni ban makance ba tukuna. Ido ne kawai ba ni da shi. Ranar da aka fara ja na, ranar na makance. A nan kullum da ƙafata nake fita, da ƙafata nake dawowa."

"Ina kake zuwa? Garin ai babu kowa."

"Da kowa mana. Ga Iya Mai Kaji a layin baya, ita ke dafa mini. Ga Tela."

Washegari da safe ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya ɗauki sanda ya fita. Na cire takalmi na riƙe a hannu na bi bayansa. Ba mu yi nisa ba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In za ki bi ni ki sa takalminki, akwai ƙusoshi." Na sa, ina jin haushin kaina.

Da can da kunne yake bin garin. Faɗan mata a bakin famfo shi ke gaya masa ya iso kwana, injin niƙa ya ce masa ya yi dama, hayaniyar 'yan makaranta ta raka shi har bakin kasuwa. Yanzu duk babu su. Sai ya koma bin bango, yana buga sanda a jikin gidajen da suka mutu, yana kiran sunan masu su ƙasa ƙasa kamar mai gaisuwa: gidan Birkila, gidan Dogo mai gadi, gidan Malamar jinya. Da haka har bangon ya ƙare muka iso bakin kasuwa.

Kasuwar ta zama fili fetal. An kwashe rumfuna, an tone ginshiƙai an bar ramuka, babu bango babu dutse da sanda za ta bi. Mai ido ma sai ya duba inda zai sa ƙafa. Baba ya tsaya cak a bakin filin, ya ɗan karkata kai. Na matso zan kama shi, in ya so ya zage ni.

Sai na ji ta daga can tsallake. Ƙarar keken ɗinki, ita kaɗai a cikin shirun nan, tana tahowa tar. Baba ya gyara tsayuwa ya saita fuskarsa da ita, ya shiga filin kai tsaye. Ya san inda ramukan suke muddin ƙarar tana daidai da goshinsa. Na tsaya ina kallon bayansa, ƙafaɗa a miƙe, yana tafiya irin ta mutumin da ke da wurin zuwa kuma ake jiransa. Rabon da in ga Baba haka tun yana tafiya aiki da kwanon abincinsa a hannu.

Shagon Kawu Tela shi kaɗai ne a buɗe a layin shaguna. Ba kawuna ba ne na jini, amma tun kafin a haife ni suke tare da Baba, shi ya ɗinka mini rigar makaranta ta farko, ya kuma yi mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya tsufa ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga takalmi. Bai daina takawa ba sai da sandar Baba ta taɓa bencin ƙofa.

Baba ya zauna ya ce, "Har yanzu kana nan kana ɓata wa mutane yadi?"

"Kai dai kada ka dame ni, aiki ya sha mini kai. Matar direban nan ta kawo zannuwa, ta ce gobe take so."

"Ka ce mata ta haƙura, ta kai wa tela."

"Ji tsohon banza. Rigar jikinka wa ya ɗinka?"

"Shi ya sa na gode Allah ba na ganinta."

Ina dariya na leƙa cikin shagon, sai dariyar ta yanke. Babu yadi a kan keken. Babu zare a allura. Igiyar da ake rataye ɗinkakkun kaya babu ko ƙyalle a kanta, sai yanar gizo. Kawu Tela ya ga na gani. Ya ɗora yatsa a leɓe, idonsa yana roƙona.

Haka suka zauna har rana ta take, suna shan shayi suna tsokanar juna. Can an jima Kawu ya ɗan taka keken, wai yana rage aiki. Da Baba ya tashi tafiya, sai ya ci gaba da takawa ba tsayawa, don komawa ma da ƙarar yake yi, yana riƙe ta a ƙeyarsa har ya haye filin ya kama bango.

Na dawo shagon ni kaɗai da yamma, Baba yana barci. Kawu Tela bai jira na tambaya ba.

Ya ce, "Rabona da ɗinkin wani tun kafin a rufe makaranta. Amma in ban taka ba, ta ina zai hayo? Kin dai ga filin."

"Kuma bai gane ba?"

"Ina zai gane? Keke ai keke ne." Ya murza gwiwa. "'Yar nan, Allah ne ya kawo ki. Jibi yarana za su zo da mota. Na yi musu hanya-hanya har ta ƙare mini, wannan karon sun ce ko a ɗaure sai sun tafi da ni. Ƙafar nan ma ta ƙi, likita ya ce in ban kwanta ba za a yanke."

"Ka gaya masa?"

"Da wane bakin?"

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini murna ce. Na ce a raina shi ke nan, aikina ya yi sauƙi, in babu keke babu fita, dole Baba ya bi ni. Sai kuma na tuna bayansa a tsakiyar filin nan, murnar ta koma mini ɗaci.

Kawu ya ce, "Zan bar keken. Ki taka masa kwana biyu, kafin ki san yadda za ki lallaɓa shi. In ya iso ki ce na kewaya, ko na je karɓo zare, ke dai ba a rasa magana a bakinki. Kada dai ya zo bakin filin nan ya ji shiru. Wannan ne ba na so."

Na ce masa wannan ragwantaka ce, ya je ya yi wa abokinsa sallama kamar yadda ake yi. Ya ce ya ji. Ranar da yaran suka zo, da safe ya taka keken kamar kullum, suka sha shayi, suka yi faɗa a kan wanda ya fi wani tsufa, bai ɗauko zancen tafiyar ba. Da rana ya sa aka tsayar da motar nesa da gidanmu, ya dogara da kafaɗar babban ɗansa ya zo har ƙofa. Baba yana ciki yana barci, ana jin numfashinsa. Kawu ya daɗe tsaye yana kallon labulen. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa, ya fasa. Ya juya suka tafi, hawaye na bin gemunsa, ni kuwa na rasa bakin nan nawa da ake yabo.

Da gari ya waye na ce wa Baba zan je taya Iya Mai Kaji aiki, na zaga ta bayan layi na ruga shagon. Na iya keke, a wurin Kawu ma na koya. Na zauna a kujerarsa, na gwada takawa, sai ƙarar ta yi mini holoƙo a kunne, babu nauyi. Na ce lallai Kawu da sakaci yake. Mutumin da ake kira Kunne za a yi wa wasa da keken da babu komai a ciki? Sa'a kawai ya yi ta ci. Ni in zan yi abu, yi nake yi sosai. Na binciko zare a cikin akwati na zura, na ciro tsohon labulen ƙofar baya na kakkaɓe, na ninka shi biyu na sa a ƙarƙashin allura.

Da na hango farar rigarsa a bakin filin, na fara takawa. Ƙarar ta fito cike, allura na cin yadi, har na ji daɗin dabarata.

Baba ya tsaya ya karkata kai kamar kullum. Amma bai shigo ba. Ya daɗe a haka, har na fara tsarguwa. Sai na ga ya ɗago, ya taho da sauri, saurin da ban san yana da sauransa ba. Sandar ma ba ta taɓa ƙasa sosai. Ya yi tuntuɓe a bakin wani rami, ya dafe, ya ci gaba. Tun daga tsakiyar filin yake ɗaga murya.

"Tela! Kai Tela! Yadi nake ji! Wallahi yadi ne!"

Ƙafata ta so ta tsaya, na tilasta mata, don in na tsaya zai ɓata.

"Wa ya kawo ɗinki? Su wa suka dawo? Na gaya maka za su dawo, ka ce ina mafarki! Birkila ne? Ko Malamar jinya?"

Ya iso yana haki, fuskarsa cike da dariya irin wadda rabona da gani tun Innarmu na da rai. Bai tsaya a benci ba, ya shigo har cikin shagon yana lalube, hannunsa ya sauka a kan labulen, ya murza shi da yatsu. Daga nan ya biyo yadin har ya taɓa hannuna. Ya shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan zobena.

Na ga dariyar tana sauka daga fuskarsa. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan ciwo ba, kuma ni na jawo shi.

Ya ce, "Uwata."

"Na'am, Baba."

"Rasuwa ya yi, ko tafiya?"

Duk ƙaryar da na shirya ta gudu. Na ce, "Tafiya. Yaransa suka zo jiya da rana. Ƙafar ce. Ya zo har ƙofa, kana barci."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba ya fita ya zauna a bencin, a gefen da ya saba zama, ya bar ɗaya gefen. Na fito na durƙusa a gabansa ina ba shi haƙuri, ina kuka ina bayani, na ce na sa yadin ne don kada ya gane.

Ya ce, "In gane me? Cewa babu komai a keken? Tun ranar farko na ji. Allura in ba ta cin yadi wani kuka take yi daban, kamar mutum yana tauna babu abinci a baki."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa, me zai fito da shi daga gida da safe? Mutum ne da bai iya zaman banza ba. Ya ce matar direba, in ce matar direba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ai matar direba tuni ta bar garin, da ni aka raka ta tasha."

 Iska tana kaɗa wani guntun kwano da aka manta a saman shagon maƙwabta, can nesa kuma kajin Iya suna ta surutunsu. Ban da wannan babu komai, gari guda. 

Can ya ce, "Bai sha shayinsa duka ba jiya. Na ji ya ajiye kofin da nauyi. Na ce ko sukarin ne bai ji ba." Ya miƙe ya ɗauki sanda. "Cire yadin nan ki taka mini, zan koma gida."

Na koma ciki na zare labulen, na cire zaren, na fara takawa. Ta ƙofa nake hango shi. Ya juya wa ƙarar baya ya shiga filin, a hankali wannan karon, yana gwada ƙasa da sanda kafin kowane taki. Ya wuce ramin farko, ya wuce inda rumfar mahauta take a da. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya.

Na ce ko ƙarar ce ba ta kai masa, na ƙara ƙarfi har keken yana girgiza. Bai motsa ba. Yana nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin, rana a kansa, bangaye marasa rufi sun kewaye shi ta ko'ina. Ba ɓata ya yi ba, na san ya san hanya. Na ci gaba da takawa ina kallonsa ta cikin hawaye, ina roƙon Allah ya ɗaga ƙafa, ni da na zo garin don in hana shi wannan tafiyar.

Ya juyo ya ɗaga murya, ba da ƙarfi sosai ba, amma a garin nan ko raɗa ana ji.

"Uwata, bar shi haka. Zo."

Na saki keken ya tsaya da kansa. Na taka har inda yake, na tsaya a gefensa ban taɓa shi ba.

Ya ce, "Gobe in na hayo, wurin wa zan zo?"

Sai ya sake jefo wata tambayar.

"Motar nan taku, da safe take wucewa ko da yamma?"

"Da safe, Baba."

"To."

Ya mayar da sandar hannun hagu. Ya ɗaga na dama a hankali, ya miƙo shi cikin iska ta wajen da yake jin numfashina. Na kama. Hannun ya yi sanyi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na fara tafiya, sai na ji ya ɗan ja baya.

Ya ce, "A hankali, Uwata. Ban saba ba."